Wurin wasan yaro mai raunin gani da farfaɗiya: shimfiɗa, allon amo, ɗan ɗaki ko fitilu?

Iyayen yaron da ya haɗa raunin gani da farfaɗiya sukan sha shawara iri biyu masu karo da juna. Masu kula da ido da malaman yara masu buƙata ta musamman za su ce a kewaye shi da abubuwan taɓawa, da masu ƙara, da masu haske, kada ya wuni kwance yana wasa da yatsunsa kaɗai. Likitan farfaɗiya kuma zai ce a kawar da duk abin da zai iya bugewa da shi, a kiyayi walƙiyar fitila, kada a bari ya gaji ko ya ji zafi. Dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da ya rage wa iyaye shi ne zaɓen wurin wasan da zai ɗauki maganar kowa. Wannan bayani na yaro ne mai shekara 1 zuwa 3, wanda ke zaune a gida irin namu, mai tsakar gida, da zafin bazara, da wutar lantarki mai zuwa ta ɗauke.

Tambayoyi uku kafin a kashe ko kwabo

Ta farko ta likitan ido ce: me ya rage na ganinsa? Yara da yawa masu wannan larura biyu sun same ta ne ta hanyar shaƙewa wajen haihuwa, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan sau da yawa ƙwayar idonsu lafiya lau take, matsalar tana sashen ƙwaƙwalwa mai fassara abin da ido ya ɗauko. Yaro irin wannan yakan fi ganin abu ɗaya tak mai launi ɗaya, musamman ja ko rawaya, idan yana ɗan motsi kuma babu tarkace a bayansa, sannan yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya juyo ya kalla. Wanda kuwa idon ne ya lalace har ba ya bambanta haske da duhu, sayen masa fitila asarar kuɗi ce. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano na daga wuraren da ake duba idon yara.

Ta biyu ta likitan yara ce: wane irin tashi ciwon ke yi? Akwai mai sanƙarar da jiki ya bi da jijjiga, akwai mai sakin jiki yaro ya zube kwatsam kamar an tsinke igiya, akwai mai zabura jere da juna musamman bayan tashi daga barci, akwai kuma na shiru, inda ido zai kafe yaro ya daina amsawa. Mai zubewa kwatsam shi ne ya fi takura zaɓi, domin ba ya sallama.

Ta uku: shin haske na tayar masa? Mutane da yawa na ɗauka duk mai farfaɗiya walƙiya na kada shi. Ba haka ba ne. Kusan 3 ne cikin 100, kuma ya fi yawa ga 'yan makaranta da matasa. Amma akwai wasu nau'o'in farfaɗiyar ƙananan yara da ke zuwa da shi tun da wuri. Gwajin ƙwaƙwalwa na EEG, wanda ake haska wa yaro fitila mai walƙiya ana kallon abin da na'ura ke rubutawa, shi ke raba gardama. Ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa. Kafin a samu amsa, a ɗauka yana tayar masa.

Ma'aunin da za a auna kowanne da shi

Babban ma'auni shi ne daƙiƙa goman farko bayan ciwon ya tashi. Daga inda kuke zaune, kuna ganin fuskarsa da leɓɓansa? Hannunku zai kai gare shi ba sai kun kwance wani abu ba? Akwai filin da za ku juya shi ya kwanta a gefensa? Duk wurin wasan da ya faɗi wannan jarrabawa, komai kyansa, a bar shi.

Na biyu shi ne abin da yaron zai ƙaru da shi. Mai gani yana hango abu ya miƙa hannu. Wanda ba ya gani, abin da ya suɓuce daga hannunsa ya ɓace daga duniya gaba ɗaya. Saboda haka wurin kirki a gare shi shi ne wanda ke ba shi amsa duk sanda ya motsa, kuma abin da ya saki ya same shi inda ya bar shi.

Na uku, maƙurewa da shaƙewa. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar takardar bayi ya yi ƙanƙanta. Igiya kuwa, ƙa'idar kayan wasa ta Turai ta tsayar da tsawon wadda za ta iya naɗewa ga 'yan ƙasa da wata 18 a santimita 22. Ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, da maganaɗisu, da tasbahar da zarenta zai iya tsinkewa, duk ba su da wuri a nan.

Sai zafi, sai kuɗi, ƙarko da sauƙin wanki. Kuɗin an auna shi ne da kaya da ladan aiki, tunda farashin katako da soso ba ya zama wuri ɗaya.

Shimfiɗa a ƙasa da kwandon kaya

Wannan shi ne tushe, kuma ko me kuka zaɓa daga baya za ku buƙace shi. A ware kusurwa mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2, nesa da ƙafar gado, da gefen tebur, da wayar wuta. A shimfiɗa soso mai tauri, kaurin santimita 3 zuwa 5, a sa tela ya ɗinka masa rigar leda mai kauri. Katifa mai laushi irin ta gadon amarya ba ta dace ba: fuska na nutsewa a ciki idan ciwon ya same shi a kife, kuma yaron da ke koyon ɗaga ƙirji ba zai samu abin dogarawa ba. A zagaye sosan da tabarmar kaba, ta yadda da ƙafarsa ta taɓa kaushi zai gane ya kai iyaka. Tabarmar roba ta fi saurin wanki, amma tana zamewa a kan tayil. Tabarmar soso mai haɗe-haɗe da ake sayarwa a kanti tana da kyau, sai dai yaro mai kai komai baki yakan gutsure ta.

Kwandon kayan kada a cika shi da 'yan tsanar roba. A hannun wanda ba ya gani, motar roba da agwagwar roba da wayar roba duk abu ɗaya ne: santsi, rashin nauyi, rashin wari. Kayan gida sun fi su nesa ba kusa ba: ludayin duma, ƙaramin ƙoƙo, cokulan ƙarfe biyu a ɗaure, murfin tukunya, soson wanka, buroshi mai laushi, faifai, mafici, guntun fata da aka jeme, lemon zaƙi ɗaya cikakke. Biyar ko shida sun isa. Kwandon ya zama mai faɗin gindi, kuma kullum a gefe ɗaya ake ajiye shi.

Kuɗinsa kaɗan ne, ganin yaro da kai masa hannu ba shi da na biyu. Rauninsa shi ne soso na haɗiye sauti, kuma abin da yaro ya jefa sai ya gangara ya tafi. Ga yaron da bai fara miƙa hannu ba, wannan shimfiɗa kaɗai ba za ta tashe shi ba. Zai kwanta lafiya, amma shiru.

Allon amo

Wata ƙwararriya 'yar ƙasar Denmak, Lilli Nielsen, wadda ta shafe shekaru tana aiki da makafin yara masu ƙarin larura kafin rasuwarta a 2013, ita ce ta fito da wannan allo. Ba wani abu ba ne illa fulawud siriri da aka ɗaga daga ƙasa kaɗan, ya zama kamar fatar ganga. Yaro na kwance a kai, in ya buga diddige sai allon ya yi amo, rawar ta ratsa bayansa. In ya motsa kafaɗa, cokulan da ke gefensa su yi ƙara. Nauyinsa kuma na sa tsakiyar allon ta ɗan lotsa, don haka abin da ya ture sai ya gangaro ya dawo jikinsa. Nan ne amfanin yake: motsi ƙanƙani, amsa babba.

Ma'aunin da ita ta bayar shi ne fulawud mai kaurin milimita 4, faɗi da tsawo santimita 150, da katako siriri mai santimita 2 a kowane gefe a bi bakin allon ta ƙasa. Fulawud na kasuwa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, saboda haka abin da ya fi sauƙi a raba shi biyu a samu santimita 120 da 120, wanda ya ishi ɗan shekara 3. Duk kafintan da ke sayen kaya a 'yan katako, irin na Na'ibawa a Kano, zai haɗa shi a yini ɗaya. Sai dai ku tsaya a kansa, domin akwai kuskure uku da kafintoci ke yi da kyakkyawar niyya. Za su so su ƙara katako a tsakiya don ƙarfi: wannan na kashe amon gaba ɗaya. Za su so su sa fulawud mai kauri: shi ma haka. Za su so su shafa fenti ya yi ƙyalli: a'a, wasu fentin mai na ɗauke da dalma, kuma yaron zai lashi allon. A haɗa da gam da ƙananan ƙusoshi da aka nutsa kawunansu, a zagaye kusurwoyi, a goge da samfefa har tafin hannu ya bi ko'ina ba tare da sartse ba, a shafe da kakin zuma.

A kan siminti ko tayil ake ajiye shi. In aka sa shi bisa kafet ko katifa, sautin ya mutu.

To a nan gizo ke saƙa: allon da tauri, yaron kuma na da farfaɗiya. Gaskiyar magana ita ce fulawud mai milimita 4 da ke da iska a ƙarƙashinsa yana lanƙwasawa, bai kai siminti illa ba, kuma tsayinsa daga ƙasa santimita 2 ne kacal. Ga yaron da ke wasa a kwance, haɗarin kaɗan ne. A ajiye tawul a ninke a gefe, da ciwon ya tashi a zura shi ƙarƙashin kansa, a share kayan ƙarfen da hannu ɗaya, a juya shi gefe. Kada a shimfiɗa bargo a kan allon tun farko, don ya zama katifa kenan, an yi aikin banza. Ga yaron da ke zama kuma ciwonsa na zubewa ne kwatsam, lissafin ya sauya: ko dai ya yi wasan allon a kwance kawai, ko babba ya zauna a bayansa yaron na tsakanin ƙafafunsa, ko ya sa hular kariya mai soso idan likita ya rubuta masa. Gefen allon ta ko'ina a jera shimfiɗar soso.

Akwai kuma yaran da ƙarar bazata ke tayar musu da ciwo, galibi masu tabo a ƙwaƙwalwa da shanyewar gaɓoɓi. Allon na ƙara wa sauti ƙarfi, murfin tukunya in ya faɗi a kai kamar an buga gwangwani ne a kunne. Ga irinsu a fara da kaya masu sanyin murya, buroshi, faifai, ƙoƙo, a hana yayye tsalle a kai. Ranar farko ma ba a dire yaro a kai haka kawai. Ku zauna a kan allon kuna riƙe da shi a cinya, ku ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ku bar ƙafarsa ta sauka, sannan sauran jiki. Minti 5 ya isa a farko.

Ƙarkonsa shekaru ne in an kiyaye shi daga ruwa da gara. Bayan wasa a goge a jingine shi a bango. Kuma kullum kafin a kwantar da yaro a ɗaga a leƙa ƙarƙashi, domin wannan 'yar rata mai duhu da sanyi irin wurin da kunama ke so ne.

Ɗan ɗaki mai kayan rataye

Shi ma daga Nielsen ya fito, kuma a kan allon amo ake ɗora shi. Akwati ne mai bango uku da rufi mai nuna ciki, gabansa a buɗe, faɗi da zurfi santimita 60. Tsayinsa 30 ga mai kwanciya, 60 ga mai zama. Daga rufin ake rataye kaya da robar ɗinki irin ta ƙugun wando, yadda duk inda yaro ya wurga hannu zai ci karo da wani abu, in ya ja ya saki kuma abin ya koma mazauninsa. Da haka yake gane cewa makullai suna hagu, ludayi na dama, kuma suna nan ko bai taɓa su ba. Ga yaron da hannuwansa ke dunƙule a ƙirji ko da yaushe, da wuya a samu abin da ya kai wannan.

Iri uku ake yi. Na katako mai rufin roba mai kamar gilashi shi ne na ainihi: yana tare hayaniyar gida, yana maido wa yaro muryarsa, yana daɗewa. Shi ya fi tsada, robar rufin ce ke cin kuɗi, kuma yana da nauyi. Na bututun roba irin na masu aikin famfo ya fi araha da sauƙin ɗauka: guntaye 11 masu santimita 60, wato mita 6.6 ke nan ga mai tsayi 60, an bar sandar ƙasa ta gaba don shiga, da mahaɗan kusurwa. Hannu ɗaya ke ɗage shi, iska na ratsa shi, ana ganin yaro ta ko'ina. Abin da aka rasa shi ne bangon da ke riƙe sauti. Na kwali kuwa, duk da kyauta ne, ba mu ba da shawararsa ba: yana rufe fuskar yaro, yana shan yawu da fitsari, kyankyasai na son sa.

Ga mai farfaɗiya na bututu ya fi kwanciyar hankali. In an fi son na katako, kada a kafe shi a jikin allon, a bar rata tsakanin bango da rufi don iska, kuma mai kula ya gwada ɗage shi shi kaɗai sau da yawa kafin a sa yaro. Robar rataya ita ce haɗarin gaske. Kowacce a zura ta cikin siririn tiyo mai nuna ciki don kada ta naɗe yatsa ko wuya, kada tsawonta in an ja ya wuce iya wanda zai kai abin da aka rataye bakin yaro, a duba ƙulli kullum. Kada a rataye abu mai nauyi ko mai tsini saitin fuska. In za a sauya kaya, ɗaya ko biyu a mako, sauran su zauna inda ya san su.

Aikin babba a nan shi ne ya zauna ya yi shiru yana kallo. Ba a kama hannun yaro a kai masa, ba a yi ta kiran sunansa. Amma shiru ba tafiya ba ne. Ba a barin sa a ciki a je ɗora tukunya. A nan ne kuma ake rikicewa da ciwon shiru, domin makahon yaro in yana sauraro shi ma ƙamewa yake yi, ya sunkuyar da kai. Hanyar bambancewa: ku shafi kuncinsa ko tafin ƙafarsa. Mai sauraro zai motsa. In bai amsa ba, ko kuna ganin leɓe na tauna, ko ido ya karkata gefe ɗaya, ku duba agogo, ku ɗauki bidiyo da waya ku nuna wa likita.

Da yaro ya fara rarrafe, ɗan ɗakin ya gama aikinsa. Wannan ma abin lissafi ne kafin a kashe kuɗi a na katako.

Kusurwar duhu da fitilu

Ita ce ta fi ɗaukar ido a hotunan intanet. Asalinta ɗakunan da aka fara yi a ƙasar Holan a shekarun 1970 don masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani, masu bututun ruwa mai kumfa da zaren haske. Ga yaron da matsalar ganinsa ta ƙwaƙwalwa ce, rage haske da kawar da tarkace na taimaka masa ya tsayar da ido a kan abu ɗaya. Amma duk cikin zaɓin ita ta fi tsada in an bi ta kanti, ta fi saurin lalacewa da wutar da ke hawa da sauka, kuma ta fi haɗari.

Walƙiyar da ke tayar da ciwo galibi tana tsakanin sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa, mafi muni wajen 15 zuwa 25. Duhu na ƙara mata ƙarfi, ja mai kauri ma haka. A 1997 a Japan, walƙiyar ja da shuɗi ta 'yan daƙiƙoƙi a wani zanen yara na talabijin ta kai yara fiye da 600 asibiti. Abin lura: jan da yaron ya fi gani, shi ne ya fi illa in yana walƙiya. Ja a tsaye lafiya, ja mai ƙiftawa a'a.

Kuma walƙiyar ba sai an saye ta da gangan ba. Tocila mai caji da yawa, dannawa ta uku walƙiya ce. Fitilun ado na biki sukan koma salon ƙiftawa duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Doguwar fitila da ta kusa mutuwa na rawa. Fankar sama da ke juyawa ƙarƙashin ƙwan lantarki na yanka hasken gunduwa-gunduwa a kan yaron da ke kwance yana kallon sama. In an yi kiciɓis da irin wannan, a rufe masa ido ɗaya ruf da tafin hannu a juya shi. Runtse ido kaɗai ba ya tarewa.

In likita ya ba da izini kuma yaron na bin haske, ba sai an sayi tanti ba. Baƙin yadi mita 2 a rataye a bango, a sauke labule amma a bar hasken da za ku ga launin leɓɓansa, tocila mai salo ɗaya tak, da kofi ja ko ƙwallo rawaya. A haska abin daga bayan kafaɗar yaro, ba a haska idonsa ba. A motsa shi a hankali, a jira. Minti 5 zuwa 10. Tantin duhu da ake zugewa kuwa ya faɗi jarrabawar farko, kuma a watan Afrilu cikinsa tanda ne. Zafi na tayar wa wasu yara ciwo, maganin farfaɗiya mai suna topiramate kuma na rage gumi. Zabiya da masu hawan jinin ido tun haihuwa haske ma damun su yake.

Tiren taɓawa a tsakar gida

Tire mai baki ko faffaɗan daro a gaban yaro, cikin inuwa, da safe. Kusan kyauta ne. Ruwa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, yaro na wajen daron ba ciki ba, babba na riƙe da shi, a zubar nan take bayan wasa. Mai farfaɗiya na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, ba kuma tare da ƙara ba. Bokiti, randa, bakin rijiya da murhu su yi nisa da wurin. Wake, masara da gyaɗa a bari sai ya girma, suna shiga hanci da kunne da maƙogwaro. Abin da ko ya ci ba komai ya fi: kunu mai kauri da ya huce, dafaffiyar taliya, ayaba da aka dame, kaɗan-kaɗan don kada ciwo ya same shi baki cike. Yaran da ba sa gani da yawa na ƙyamar abu mai danƙo. A fara da ƙafa. In za a je hannu, ku sa naku a ƙasa, nasa a kan naku, ya janye sanda ya ga dama.

Lilo da kwamin ƙwallaye

Lilo a cikin zane mai ƙarfi, manya biyu na riƙe, taƙi ɗaya sama da katifa, ana kaɗawa gaba da baya a hankali, yana da amfani ga jiki, kuma sauke shi daƙiƙa biyu ne. Juyi kamar katantanwa a'a, ɗaure shi a bishiya a tafi a'a. Kwamin ƙwallaye, kujerar buhu mai nutsewa da bargo mai nauyi duk suna binne fuska. A bar su a kanti.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin kai ɗauki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shimfiɗa da kwando | Soso da ladan tela | Shekara 1 zuwa 2 | Mafi sauƙi | Ƙananan kaya, soso mai laushi |
| Allon amo | Rabin fulawud da ladan yini | Shekaru | Da sauƙi | Bugun kai ga mai zama, ƙarar bazata |
| Ɗan ɗaki na bututu | Matsakaici | Shekaru, roba na saki | Sai an ɗage | Robar rataya |
| Ɗan ɗaki na katako | Da ɗan tsada | Mai daɗewa | Da nauyi | Roba, zafi |
| Kusurwar fitilu | Daga araha zuwa tsada sosai | Gajere | Da wuya a tanti | Walƙiya, zafi, duhu |
| Tire | Kusan kyauta | Ba ya lalacewa | Da sauƙi | Ruwa, shaƙewa |
| Lilon zane | Kyauta | Daidai ƙarfin zanen | Da sauƙi | Faɗuwa |

Wanne ga wane yaro

Yaron da har yanzu kwance yake, bai miƙa hannu: allon amo da farko, bayan mako biyu ko uku ya saba a ɗora ɗan ɗaki na bututu. In kuɗin abu ɗaya ne a hannu, allon za a yi.

Mai zama ko tatata wanda ke zubewa kwatsam: shimfiɗar soso ce gidansa, allon a kwance kawai, wasan tire kuma yaron na tsakanin ƙafafun babba.

Mai rarrafe da ciwonsa ya lafa da magani: shimfiɗa mai faɗi da iyakar tabarma, kwando a wuri ɗaya, tire da lilo. Ɗan ɗaki ya wuce shi.

Wanda ke bin haske kuma gwaji ya nuna walƙiya ba ta tayar masa: baƙin yadi da tocila ɗaya, ƙari ne a kan sauran, ba madadinsu ba. Wanda ba a yi wa gwajin ba, a yi wasan launi da hasken rana a inuwa, abu ja a kan baƙin zane.

Wanda ƙara ke razana shi har ciwo ya tashi: shimfiɗa tukuna, allon daga baya da kaya masu laushi.

Gidan da ke da ɗaki ɗaya da yara da yawa: allon shi ne ba ya cin wuri, a jingine shi bayan ƙofa, kayan a jaka ɗaya da yayye suka san ba tasu ba ce.

Ko wanne aka ɗauka, ranar zazzaɓi, ko daren da bai yi barci ba, ko sa'ar da magani ke sa shi gyangyaɗi, ba ranar wasa ba ce. A bangon kusurwar a manna takarda da duk mai zama da shi zai iya karantawa, har da kaka da 'yar aiki: a kwantar da shi a gefensa, a sassauta riga, a duba agogo, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko magani ta baki, kada a kai ƙafarsa wuta ko a turara masa hayaƙi. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. In jijjigar ta kai minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko numfashi bai daidaita ba bayan ta tsaya, a ba shi maganin gaggawar da likita ya rubuta in akwai, ta hanyar da likitan ya nuna, a wuce asibiti. A ƙasan takardar a rubuta sunan maganinsa, da awonsa, da nauyin yaron na watan nan.